Yadda Auta Ya Tashi Motar Yaya Daga Barci

A danginsu, in aka ce Auta zai yi maka kyauta, abin da za ka fara yi shi ne ka kulle ɗakinka. Ba ɓarawo ba ne, Allah ya kiyaye. Shi dai bai yarda akwai wani abu a duniya da kamfani ya ƙera ya gama ƙerawa ba. Duk abin da ke da waya, ko taya, ko noti, a ganinsa cikin gaggawa aka fito da shi, kuma shi Allah ya nufa ya ƙarasa aikin.

A gareji Sifana suke ce masa, a gida kuwa Auta, duk da furfura ta cinye masa rabin gemu. Bakanike ne, kuma tsakani da Allah ya iya aikinsa. Mota takan zo masa tana tari ta koma tana waƙa. Inda gizo ke saƙar shi ne in ya ga lafiyayyen abu. Nan take tafin hannunsa zai kama ƙaiƙayi.

Tun yana saurayi ya yi wa mahaifiyarsu kyautar ƙarin gudu a fankarta ta tsaye. Ranar da aka kunna, fankar ta yi sama da labule, ta yi sama da ɗankwalin tsohuwa, sannan ta kama tafiya da ƙafarta har bakin ƙofa. Ba don waya ta riƙe ta ba, da ta shiga gari. Da ya yi aure kuma, matarsa tela ce, sai ya ɗaura wa keken ɗinkinta wani inji da ya ciro daga famfon ruwa. Taku ɗaya ta yi, keken ya ɗinke hannun rigar mai kaya da wuyanta, ya zarce ya haɗa da gefen zanin da ke jikin telar. Sai da aka sa almakashi aka raba ta da aikinta.

Duk lokacin da aka tsare shi, amsarsa ɗaya ce: "Amma ai ya yi gudu."

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kulle masa ƙofa ba, babbar yayarsa, wadda kowa ke kira Yaya, har jikokinta. Ungozoma ce a babban asibitin gari. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, ita kuma aka kira makaranta ranar da ya kwance agogon bangon ajinsu don ya ga abin da ke sa shi jinkiri. Ba ta doke shi ba. Kama hannunsa ta yi ta kai shi gareji, ta ce, "Tunda hannunka ba ya zama, gara ka je inda ake biyan mutum don ya kwance abu."

Yaya tana da wata 'yar ƙaramar mota da ba wanda ya tuna ainihin launinta. Auta ne ya riƙe ran motar nan shekara da shekaru, da waya, da walda, da addu'a. Ita kuwa Yaya tuƙi take yi kamar a ƙarshen kowane titi akwai mai naƙuda tana jiranta, ko da kuwa kasuwa za ta. Direbobin haya in sun hango ta a madubi sukan ba ta hanya da kansu. Ba ta taɓa buge ko kaza ba, amma kaji da yawa sun tuba a gabanta.

Shekarar da ta yi ritaya ne motar ma ta yi tata. Ƙasanta ya ruɓe, har in kana zaune kana ganin kwalta na wucewa tsakanin ƙafafunka. Sai babban ɗanta, wanda ke aiki a ƙasar waje, ake ce masa Manaja, ya aiko mata da sabuwa.

Mota ce ta gani ta faɗa. Baƙa wuluk, doguwa, kujerun fata masu ɗumama wa mutum mazaunai suna masa tausa. Ƙofa in ka tura ta rabi ita za ta ƙarasa rufe kanta. Akwai ma wata mata a ciki da ba a ganinta, mai sanyin murya, da ke tuna maka ka ɗaura bel. Kuma kafin a kawo ta, Manaja ya sa masu sayarwa sun saita ta a kan mafi sanyin tafiya, wai Mama ta manyanta.

Yaya ta hau ta 'yan kwanaki, sannan ta rataye makulli a ƙusa. Kowa ya ɗauka tattali take yi. Auta kaɗai ta gaya wa gaskiya, ranar da ya je gaishe ta ya tarar tana ba shukokin tsakar gida ruwa har sun fara nutsewa.

"Auta, wannan ba mota ba ce," in ji ta. "Gadon asibiti ne mai hon. In na taka totur sai ta tsaya tana shawara, kamar ma'aikacin da ka kai wa takarda ya ce ka dawo gobe. Kafin ta yanke hukunci, danja ta sake kamawa. In na sha kwana kuwa lilo take yi da ni kamar kwalekwale. Jiri nake ji."

"To ki gaya wa Manaja mana, Yaya."

"In ce masa me? Yaro ya yi ƙoƙari. Bar shi kawai."

Ya dube ta. Matar da a da ba ta iya zama ta gama shan shayi, yanzu ta koma musu da 'yan wasan talabijin tun safe, tana gaya musu wanda bai kamata su aura ba. Abin ya tsaya masa a rai.

Wanda motar ta yi wa daidai shi ne mijin Yaya, Malam, tsohon malamin labarin ƙasa, mutumin da ya san sunan kowane kogi a duniya amma bai taɓa gaggawar zuwa ko'ina ba. Kullum da hantsi yakan shiga da kofin shayinsa, ya tuƙa zuwa wurin mai jarida, masu keke na wuce shi suna gaishe shi. In ya dawo ba ya fitowa. Sai ya kunna sanyi, ya kunna tausa, ya buɗe jarida, ya yi barci a shafi na biyu.

Dama akwai abin da ke cin Auta. A walimar ritayar Yaya, matarsa ta hana shi kai komai nasa, ta sayo filas ta ce daga su biyu ne. Filas! Ga matar da ta raine shi. Da ya koma gida ranar da Yaya ta yi masa ƙorafin motar, ya gaya wa matarsa abin da ya ƙudurta, sai ta ajiye almakashi ta dube shi.

"Maigida, ka sayo mata turare kamar kowane ɗan adam."

"Turare ba ya gudu."

"To ni dai ba ruwana. In an tambaye ni zan ce ban san ka ba."

Ya je ya ce wa Malam lokacin canja baƙin mai ya yi. Malam ya daɗe yana riƙe da makullin kafin ya saki.

"Baƙin mai kawai, Auta. Maimaita in ji."

"Baƙin mai kawai, Malam."

Garejin Auta wani fili ne mai rumfar kwano, ƙasarsa ta sha mai har ta yi baƙi tana sheƙi, da rami a tsakiya inda ake shiga ƙarƙashin mota. Da ya ɗora tsaleliyar a kan ramin, masu walda da masu fenti suka bar aikinsu suka zo kallo, har wani ya goge hannunsa a wando kafin ya taɓa madubi. Auta ya shiga ƙasa da fitila, ya duba ƙafafun motar, ya ga sifirin dogaye masu laushi kamar katifar amarya, da shokozoba masu kasala. Ya girgiza kai don tausayi. Ya kwance su duka, ya kawo gajeru masu tauri irin na motocin tsere, ya ɗaura. Da aka sauke jak, motar ta durƙusa ƙasa kamar kyanwa za ta kama ɓera.

Saura totur. Motocin yanzu ba igiyar ƙarfe ke jan totur ɗinsu ba, wata ƙwaƙwalwa ce a ciki ke yanke shawara, don haka ya kira maƙwabcinsa mai wayarin, wanda ake ce wa Farfesa saboda yana da kwamfuta mai fasasshen gilashi da tabarau ɗaure da zare. Farfesa ya jona waya a ƙarƙashin sitiyari, ya yi ta latse-latse yana tsaki.

"An ɗaure ta ne kawai," in ji shi. "Ina za a kai ta?"

"Ina da ina ake da su?"

"Akwai na dattawa, inda take yanzu. Akwai na masu hankali. Akwai kuma na waɗanda suka riga suka bar wasiyya."

"Sa na ƙarshen."

Farfesa ya sauke tabarau. "Motar wa ce?"

"Ta yayata."

"Me ta yi maka?"

Da la'asar ya mayar da motar, yana taka ta a hankali da yatsan ƙafa, tana gurnani tana neman ƙwacewa, shi kuwa baki har kunne. Bai tarar da Yaya ba, ta shiga maƙwabta. Ya ajiye motar a bakin titi, ya miƙa wa Malam makulli, ya ce don Allah a bar Yaya ta fara hawa. Sannan ya tsallaka shagon da ke kallon gidan don ya sayo jan ƙyalle ya ɗaura a madubi, tunda kyauta ce.

Yana cikin zaɓen ƙyalle ya ji an tayar da inji.

Malam ya yi kewar kujerarsa. Ya shiga da kofin shayi da farar rigarsa, da niyyar ya zagaya layi ya shigar da motar gida. Kuma kamar yadda ya saba da ita mai nawa, sai ya danna totur har ƙasa, ya kai kofi baki, yana jira ta gama shawara.

Ba ta yi shawara ba. Auta ya ga baƙin abu ya wuce fuu, ya ji ƙarar taya, ya ji hon mai tsawo wanda daga baya aka gane ƙirjin Malam ne ya danne shi. Can ƙarshen layi motar ta ci burki ta tsaya cak. Wani kare da ke kwance a gefen hanya ya tashi ya koma wata unguwa.

An daɗe kafin motar ta juyo. Ta dawo tana rarrafe, tana zabura tana tsayawa, kamar mai shaƙuwa. Da ta zo shiga gida kuma, sai cikinta ya hau kan tudun simintin bakin ƙofa ya zauna daram. Gaba ba ta shiga ba, baya ba ta fita ba. Maƙwabta suka fito. Matar nan ta cikin mota sai nanata wa Malam take yi, cikin ladabi, cewa ya duba ƙarƙashin motarsa.

Malam ya fito, shayi tun daga gemu har gwiwa, tabarau kuma sai a kujerar baya aka same shi. Ya nuna Auta da yatsa.

"Baƙin mai kawai ka ce!"

"Ai na canja baƙin man ma, Malam."

Sai da maza suka kawo katakai aka cusa ƙarƙashin tayoyi kafin aka sauko da ita. Daga nan aka zauna shari'a a falo. Aka kira Manaja ta waya, aka jingina wayar da gwangwanin sukari yadda zai ga mai laifi. Auta na zaune a bakin kujera da jan ƙyallensa a hannu.

"Kawu!" in ji Manaja, fuskarsa ta cika gilashin wayar. "Kawu, ka san garanti ya mutu?"

"Allah ya jiƙansa. Ni ban san shi ba."

"Ba wasa nake yi ba, Kawu! Injiniyoyi nawa suka zauna suka tsara motar nan? Mama ta manyanta, hutu take buƙata. Da ita ce a ciki fa?"

Malam ya ce shi ya ga lahira da idonsa, kuma ba ta cikin kowace taswira. Ya ce a rubuce yake so a hana Auta taka ƙofar gidan. Auta ya buɗe baki zai ce amma ai ta yi gudu, ya dubi fuskokin mutane, ya haɗiye.

Duk wannan abin Yaya na kallonsu. Tana zaune ta harɗe hannuwa. Da hayaniya ta lafa, sai ta miƙa wa Malam tafin hannu.

"Makulli."

"Haba, ke kuwa..."

"Makulli, Malam. Kai kuma Auta, tashi. In mutuwa ka ɗaura mini, tare za mu tafi."

Ta kife wayar a kan tebur Manaja na tsakiyar magana.

Ta gyara kujera, ta gyara madubi, ta cire takalmi ta ajiye gefe. Ta ɗan taɓa totur da babban yatsa, motar ta amsa tun kafin ta gama tambaya. Yaya ta ce, "A'a." Ta sake taɓawa. Sai Auta ya ga wani abu ya motsa a gefen bakinta.

Abin da ya biyo baya, Auta bai cika son ba da labarinsa ba. A ranar ya gano cewa shi gudu yake so in ƙafarsa ce a kan totur. A kujerar gefe kuwa ashe matsoraci ne na ƙin ƙarawa. Suka hau babban titi, gidaje suka koma zane-zane. A shataletale motar ta kwanta ta manne da kwalta ba lilo ba tangaɗi, Yaya ta zagaya, ta ga ya yi mata daɗi, ta ƙara zagayawa. Auta ya riƙe hannun ƙofa da hannu biyu, yana taka burkin da babu shi a gefensa, yana karanto addu'o'in da rabonsa da su tun yana yaro, har da ta shiga bayi.

"Yaya, akwai tirela!"

"Na gan ta tun kafin a haife ka."

Dariya take yi, irin dariyar nan tata mai fitowa daga ciki, wadda tun da ta bar aiki ba a ji ta ba.

Da ta tsaya a gefen hanya, ta kashe inji, sai ta juyo ta dube shi da fuskar aiki.

"Totur ɗin kada ka taɓa shi. Wannan ka yi abin kai. Amma ƙafafun nan, Auta, kai ko jaki za ka ɗaura wa? Kowace tsakuwa sai na ji ta a ƙashin bayana. Haƙorana sai gaisawa suke yi da juna. Kuma motar da ba ta iya shiga gidanta, ina amfaninta? Gobe za ka ɗaga ta, ka nemo masu tauri amma masu tarbiyya. Ka kuma ce wa mai kwamfutar nan ya sa wa Malam wani maɓalli da zai mayar da ita gadonsa in zai hau. Ni zan zo in zauna a kanka."

Ta kuwa zo. Aka ba ta kujerar roba a ƙarƙashin rumfa, ta zauna da jakarta a cinya tana ba da umarni kamar a ɗakin haihuwa. Ta sa mai walda ya yanke farce. Ta duba idon Farfesa ta ce jininsa ya hau. Garejin bai taɓa yin tsit irin na ranar ba.

A nan ne ta lura da yadda Auta ke fitowa daga rami. Sai ya dafa bamba, ya cije leɓe, ya jawo ƙafar hagu da hannu, gwiwar ta yi ƙara ƙas kamar an karya kara.

"Tun yaushe?" in ji ta.

"Me?"

"Gwiwar."

"Ba komai, Yaya, sanyi ne."

Da aka gama aiki, motar ta miƙe daidai, ba ta durƙusa ba, ba ta yi lilo ba, sai Yaya ta ce ya shigo su gwada. Yana rufe ƙofa ya ji ƙit, ta kulle duka. Bai gane inda suka nufa ba sai da ya hango ƙofar asibiti, mai gadi na ɗaga mata hannu yana murna.

"Yaya, me za mu yi a nan?"

"Kyauta zan yi maka."

"Ni ban ce ina so ba."

"Ni na ce ina so?"

Likitan ƙashi tsohon abokin aikinta ne, bai ko sa su jira ba. Ya lanƙwasa ƙafar Auta, ya miƙar, ya saurari ƙarar, ya aika aka ɗauki hoto. Ya ce guringuntsin gwiwar ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi, kuma da an ƙara sakaci sai an kai ga wuƙa. Yanzu dai allura za a riƙa yi a cikin gwiwar, da motsa jiki. Ya buɗe aljihun tebur ya fito da allurar.

Auta, mutumin da ke kwanciya ƙarƙashin babbar mota a kan jak ɗaya yana cin gyaɗa, ya dubi tsawon allurar nan ya ce zai je ya yi shawara da iyali.

"Ni ce iyalin," in ji Yaya, ta danne masa kafaɗa da hannun da ya saba riƙe masu naƙuda.

Ihun da ya yi, wata mai jego a ɗakin da ke gaba ta aiko a tambaya ko namiji aka samu.

Malam ya samu maɓallinsa, ya koma barcinsa a shafi na biyu, sai dai kafin ya tayar da inji yakan duba maɓallin, ya fita ya zagaya motar, ya dawo ya sake dubawa. Manaja ya yi fushi na wani lokaci. Da ya zo hutu aka aike shi sayo burodi a motar, bai dawo ba sai da shayi ya huce, kuma tun daga ranar bai ƙara ta da maganar ba.

Gwiwar Auta ta yi sauƙi, ko da yake ba ya yarda a gaban mutane. Ranar allura in ta zagayo, tun daga kan kwana ake jin gurnanin motar Yaya. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya faɗa banɗaki ya sa sakata. Yaya ba ta ko fitowa, hon kawai take dannawa. Matarsa kuwa takan leƙa ta taga, da tef ɗin awo a wuya, ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Yana ciki, Yaya! Ki ɗan jira, ya ce in ce miki ya yi tafiya."